Jakadun Motel Sun Dawo: Me Muke Jira?

Da hutun Disamban da ya wuce na je gida Sassumbrum, ko jakata ban gama saukewa ba na nufi zauren kawuna, ƙanen mahaifiyata, don ina ɗauke da labarin da na san duk garin babu wanda zai ji shi a jikinsa kamar shi. Na tarar da shi bisa tabarma yana ɓarar gyaɗa, rediyonsa a gefe. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen Damagaram, sannan na ce, "Kawu, mutanenka fa sun dawo."

Ya ce, "Su wa ke nan?"

Na ce, "Ambasadar. Salif Keita ya sake haɗuwa da abokan kiɗansa na da, sun zagaya Turai da damunar nan suna wasa, kuma sabon faifai na nan tafe."

Sai ya tsaya da ɓarar. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Kante Manfila yana ciki?"

Na ce, "Allah ya yi masa rasuwa tun 2011, a Paris."

"Allah ya jiƙansa. Keletigi fa, mai balafo?"

"Shi ma ya rasu, Kawu, a 2012."

Ya dube ni, ya ce, "To, ɗana, wa aka tattaro?"

Ban ba shi amsa ba a ranar. Na yi dariya kawai, na ɗebi gyaɗa. Amma tambayar ta biyo ni har Damagaram, ta zauna mini a aji, ta zauna mini a fada wajen shan shayi. Wannan rubutu ƙoƙari ne na amsa ta tun kafin faifan ya fito, don in ya fito kowa zai zama gwani, kowa zai ce ai dama ya faɗa.

Kawuna yana cikin samarin yankinmu da suka tafi ci-rani Abijan a ƙarshen shekarun 1970. Ya yi tallan agogo da tabarau a Tireshbil, ya dawo da akwati guda, da rediyo mai cin kaset, da kasakasai kamar goma. A cikinsu akwai guda ɗaya da ya fi ji da shi, wanda ba a yarda yaro ya taɓa ba. Sau nawa zaren ya tsinke ya liƙe shi da jan farce, sau nawa na ga yana juya shi da biro don kar batir ya ƙare. Waƙar "Mandjou" ce a ciki. Da ita na tashi. Ban ji kalma ɗaya ta yaren Malinke ba, shi ma kawun abin da ya tsinta a kasuwa bai wuce na ciniki ba, amma wannan bai hana mu komai ba. Ai direbobin da ke bin hanyar Magarya zuwa Kano har gobe suna sa Don Williams, ba don sun ji Turancinsa ba. Murya in ta isa, ba ta neman tafinta.

Da yawa cikin ƴan ƙungiyarmu sun san Salif Keita ta "Tekere" ko "Madan" ne kawai, don haka bari in koma baya kaɗan. A Bamako ta farkon shekarun 1970, manyan ƙungiyoyin makaɗa biyu ne ke goga kafaɗa. Ɗaya ita ce Rail Band, wadda hukumar jirgin ƙasa ta kafa a 1970 don nishaɗin baƙi a otel ɗin tashar jirgi. Ɗayar kuwa Les Ambassadeurs, wato Jakadu, masu wasa a Motel de Bamako. An ba su wannan suna ne saboda makaɗan daga ƙasashe daban-daban suka fito: Mali, Gine, Senegal da sauransu. Salif, wanda aka haifa a Joliba a 1949, a Rail Band ya fara. Zabiya ne, fata fara a cikin dangi baƙaƙe, kuma ɗan gidan Keita, zuri'ar sarauta, waɗanda a al'adarsu su ake yi wa waƙa, ba su ke yi ba. Abin ba baƙo ba ne a wajenmu: Mamman Shata ma ba gadon roƙo ya yi ba, kuma mahaifinsa bai so ba. A 1973 Salif ya tsallaka ya koma wajen Jakadu, inda ya haɗu da Kante Manfila, mai gita ɗan ƙasar Gine, shi kuma Mory Kante ya gaji wurinsa a Rail Band.

Aikin Jakadu a Motel aiki ne na kullum dare. Baƙo ya nemi kiɗan Kuba a yi masa, wani ya nemi waƙar Faransa a yi masa, wani ya nemi irin na baƙaƙen Amurka a yi masa. A tsakiyar wannan hidima suka riƙa ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauyukan Manding, na kora da balafo, suna ɗora su bisa gita mai lantarki da fiyano da ƙahonin Turawa. Abin da ya fito bai zama gargajiya tsantsa ba, bai kuma zama kwaikwayon Turawa ba. Kiɗan karkara ne da ya shigo birni, ya sa kwat, amma bai manta hanyar gona ba. Ubangidansu shi ne Tiekoro Bagayoko, shugaban jami'an tsaro a gwamnatin sojan Musa Tarawore. A watan Fabrairun 1978 aka kama shi, daga baya ya mutu a kurkukun Tawdeni, can cikin hamada. A shekarar ce mafi yawan makaɗan suka tattara suka koma Abijan, suka ƙara wa sunansu "Internationaux", kuma a can suka ɗauki "Mandjou". Zuwa 1984 Salif ya koma Paris da zama, ƙungiya ta watse, a 1987 ya fitar da "Soro", duniya ta san shi shi kaɗai.

Yanzu ga su sun dawo bayan shekara talatin. Waɗanda suka hau dandali a 2014 ba ƙananan mutane ba ne: Salif da kansa, Amadou Bagayoko, makahon nan mai gita na Amadou da Mariam, Cheick Tidiane Seck a kan fiyano, Idrissa Soumaoro, Ousmane Kouyaté. Wallahi da na ga jerin sunayen a salular wani abokina sai da tsigar jikina ta tashi. Amma da ɗokin ya lafa, sai na ga akwai abubuwa uku da ke damuna, kuma duk ukun suna cikin tambayar kawuna.

Na farko, ƙungiyar kiɗa ba jerin sunaye ba ce. Abin da muke ji a tsohon kaset ɗin nan ba gwanintar mutum ɗaya ba ce, sabo ne. Mutane ne da suka yi shekaru suna tsayuwa a ɗaki ɗaya kowane dare, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi. A "Mandjou", wadda ta haura minti goma sha biyu, makaɗan ba su gaggawa. Suna shimfiɗa kiɗan a hankali kamar mai shimfiɗa tabarma ga babban baƙo, fiyano na riƙe da ƙasa, gita na zagayawa, ƙaho na shiga yana fita, sai can muryar ta faɗo daga sama. Wannan haƙurin ba a sayo shi a kasuwa, ba a kuma samunsa da atisayen mako biyu kafin a hau jirgi. Duk wanda ya saurari makaɗan kalangun Shata da ƴan amshinsa ya san abin da nake nufi: kafin ya ɗaga hannu sun san inda ya dosa.

A nan ma akwai bambanci tsakaninmu da su da ya kamata mu lura da shi. A kiɗan Hausa na gargajiya ba mu san wani abu wai shi "sake haɗuwa" ba. Ƙungiya gidan mutum ɗaya ce. Akwai maigida, akwai mai bi masa, akwai ƴan amshi. Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana Daudun Kiɗi a ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa, da ya rasu a 1991 kuma ƴaƴansa suka ci gaba da riƙe kayan kiɗan. Gado ake yi, ba taro ba. Orkes kuwa ba haka yake ba. In ya watse, kowa ya kama gabansa ya yi nasa sunan. Amadou da matarsa sun cika duniya da "Dimanche à Bamako" tun 2004. Cheick Tidiane Seck ya yi faifai da Hank Jones, tsohon gwanin jaz na Amurka. Idrissa Soumaoro ya zauna Bamako ya yi shekaru yana koyar da kiɗa a makarantar makafi. Kowannensu ya zama maigida. To, in aka tara masu gida biyar a rumfa ɗaya, wa zai yi amshi? Tsorona ke nan: kar faifan ya zama layin gaisuwa, kowa ya fito ya nuna hannunsa na minti ɗaya ya koma, a tafa masa, a rasa wanda zai ɓace a cikin kiɗan don kiɗan ya rayu. Aikin da Kante Manfila ya yi ke nan a da. Shi ne maɗaurin tsintsiyar, kuma ba ya nan.

Na biyu, don wa aka dawo? Mu faɗi gaskiya. A 2014 wani kamfanin faifai na Landan, Stern's, ya sake fitar da tsofaffin waƙoƙin da Jakadu suka ɗauka a zamanin Motel, kuma a manyan bukukuwan kiɗa na Turai aka ga dawowar tasu. Wannan hanya ce da aka riga aka share. Tun da faifan Buena Vista Social Club na tsofaffin makaɗan Kuba ya yi kasuwa a 1997, masu harkar suka gane cewa tsufa ma haja ce. Orchestra Baobab ta Dakar, wadda ta watse a 1987 bayan kiɗan mbalax na su Youssou N'Dour ya janye mata samari, ta dawo a 2001, ta fitar da "Specialist in All Styles" a 2002. Bembeya Jazz ta Gine ta fitar da nata a shekarar. Poly-Rythmo ta Kwatano ta biyo baya da "Cotonou Club" a 2011. A mafi yawan waɗannan faya-fayai, tsofaffin waƙoƙi ne aka sake ɗauka da na'ura mai tsabta.

Ba na cewa laifi ne. Mutanen da suka ba da ƙuruciyarsu ga kiɗa, aka yi ta kwafar kasakasansu a kasuwanni ba tare da ko dala ta shiga aljihunsu ba, in an kira su da tsufa an biya su da kyau, wane ne ni da zan yi ƙorafi? Kaset ɗin kawuna ma ai kwafi ne. Mu ne muka fara cin bashinsu. Amma kunne yana da tasiri a kan hannu. Makaɗin da ke yi wa masu rawa kiɗa daban yake da wanda ke yi wa mutanen da ke zaune bisa kujeru suna gyaɗa kai. Na farko yana kallon ƙafafu, in suka yi sanyi ya ƙara wuta. Na biyu yana kallon agogo, don an ba shi minti saba'in ne kafin wata ƙungiyar ta hau. In aka ɗauki faifai da wannan kunnen na biyu a rai, sai a samu abu mai kyau, mai santsi, wanda babu ƙura a jikinsa, kuma babu zufa.

Duk da haka labarin Baobab ne ke ba ni ƙarfin gwiwa. Mai gitarsu, Barthélemy Attisso, wanda a lokacin lauya ne a Lome, ya ajiye gita shekara da shekaru, sai da ya zauna ya sake koya wa yatsunsa abin da suka manta. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa da gaske yake. Kuma bayan zagayen Turai ba su sake watsewa ba: sun koma suna wasa a Dakar a kai a kai, har suka yi "Made in Dakar" a 2007. A ganina nan ne ma'aunin. Dawowar gaskiya ita ce wadda ta koma gida ta kwana. Idan Jakadu suka tsaya a dandalin Turai da faifai guda, to ziyara suka kawo, ba dawowa suka yi ba.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi ne na fi jin kunyar faɗa wa kawuna. "Mandjou" waƙar yabo ce. Kalmar kirari ce ta zuri'ar Ture, kuma wanda aka yi wa ita shi ne Ahmed Seku Ture, shugaban Gine, wanda ya ba Salif lambar girma ta ƙasarsa a 1977. A wannan shekarar ta 1977 ce Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu a kurkukun Camp Boiro da ke Konakiri, bayan an hana shi ci da sha har rai ya yi halinsa. Ba shi kaɗai ba ne. Shekara guda bayan haka aka ɗauki waƙar da na tashi da ita, waƙar da har yau in na ji farkonta sai in ji ƙamshin zauren kawuna. Ranar da na fara haɗa waɗannan shekarun biyu a kaina, a aji na ƙarshe na lise, na kasa cin abincin dare.

Na san amsar da za a ba ni, don ni ma na ba kaina ita. Za a ce Salif mutum ne da aka ƙi tun yana yaro saboda fatarsa, sai ga shugaban ƙasa guda ya ɗaga shi a gaban duniya, me zai yi in ba godiya ba? Za a ce Seku Ture shi ne wanda ya ce wa Faransa a'a a 1958, kuma a idon samarin wancan lokaci gwarzo ne. Za a ce maroƙi ba alƙali ba ne, wanda ya ba shi yake yabo. Duk na yarda akwai gaskiya a ciki. Mu ma nan ba mu da bakin yi wa kowa gori. Iyayenmu sun yi rawa da waƙoƙin Samariya na zamanin Seyni Kunce, kuma waɗansunsu har yau in an sa su sai ka ga tsoho ya share ƙwalla. A farkon 2015 kuwa, da zaɓen Najeriya da aka ɗage zuwa 28 ga Maris, duk mai cajin salula daga Magarya har Dungas ya cika memori da waƙoƙin siyasar Kano, yara na rera su ba su san ko wane ne ake zagi ba. 

Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi yabo a 1978 da wanda zai maimaita shi a 2015. Na farko yana iya cewa bai sani ba, ko bai san iyakar abin ba. Na biyu ya sani. Salif ya riga ya sake ɗaukar "Mandjou" sau ɗaya, a faifan "Folon" na 1995, shekara goma sha ɗaya bayan mutuwar Seku Ture. Ba ina neman a binne waƙar ba ne. Ba za ta binnu ba, kuma ni kaina ba zan daina jinta ba, ƙarya zan yi in na ce zan daina. Abin da nake cewa shi ne, ƙungiyar da ta fara a inuwar shugaban ƴan tsaro, ta yi suna da yabon shugaban da ke da Camp Boiro, in ta dawo da furfura, akwai bashin magana a kanta. Dattijo ba ya maimaita zancen ƙuruciyarsa kalma da kalma, sai ya ƙara da abin da rayuwa ta koya masa.

Kuma abin faɗa bai ƙare ba. A 2012 masu bindigar da suka riƙe Gao da Tumbuktu da Kidal sun haramta kiɗa a can, a ƙasar da kiɗa ne babban abin da duniya ta san ta da shi. Mu nan, tun harin da aka kai Bosso da Diffa a watan Fabrairun 2015, mun ga mutanen gabas suna sauka a tashoshin Damagaram da ƙullin kaya bisa kai. Mutanen da suka taɓa gudu daga Bamako zuwa Abijan da kayan kiɗansu sun san ɗanɗanon barin gida. In suna da sabuwar waƙa guda ɗaya tak da ta dubi wannan zamani ido da ido, ta fi mini tsofaffi goma da aka wanke aka goge.

Kar a ce na cika baƙin baki. Ina da dalilin sa rai, kuma dalilin yana da suna: "Moffou", faifan da Salif ya fitar a 2002. A nan ya sake zama da Kante Manfila bayan doguwar rabuwa, kuma ba su yi ƙoƙarin komawa Motel ba. Sun rage lantarki, sun rage ƙara, sun bar gita da murya suna hira kamar tsofaffin abokai bayan sallar isha'i. Sun yi kiɗan shekarunsu, ba kiɗan shekarun da suka wuce ba. Wannan ya nuna mini cewa Salif ya san bambancin tuna baya da komawa baya. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma su ne kuma suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Duka biyun gaskiya ne. Abin dubawa shi ne ko akwai ciwon da ake son warkarwa, ko kuwa zumar ake son nunawa a kwalba.

Saboda haka ga abin da zan saurara in faifan ya iso. Zan saurara in ji ko akwai sabuwar magana. Zan saurara in ji ko an bar waƙoƙin sun miƙe ƙafa, ko an datse su minti huɗu-huɗu don gidajen rediyo. Zan kuma saurari gurbin Kante Manfila. In aka sa wani ya kwaikwayi hannunsa don a rufe ramin, zan ji haushi. In aka bar ramin a buɗe, Ousmane Kouyaté da Amadou suka zagaye shi kowa da nasa hannun, har mai sauraro ya ji cewa akwai wanda babu, to sun yi masa ta'aziyyar da ta dace.

Akwai wani abu kuma da wannan jira ya tona mini, wanda ya fi shafarmu mu ɗalibai masu cewa muna rubutu. Me ya sa Jakadu suka iya dawowa? Don an adana abin da suka yi. Akwai faya-fayan, wani ya nemo su, ya share su, ya rubuta tarihinsu, sabbin kunnuwa suka ji suka nema. Mu fa? An fara gasar Ɗan Gurmu a 1987, ƙungiyoyi daga kowace jiha suka yi ta fitowa. Damagaram ta yi Super Haske. Sa'adu Bori da Musa Pusi sun yi "Niamey Twice" a 1994. Mamar Kassey ta kafu a 1995. Kafin su duka akwai Ma'azu Ɗan Alalo da ƴan amshinsa a ƙofar Sarkin Damagaram. Je ka wajen mai tura waƙoƙi a kasuwar garinku ka nemi waɗannan, ka ga nawa za ka samu, kuma a wane hali: rabin waƙa, babu suna, babu shekara, sauti kamar daga cikin rijiya. Zai ba ka Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef cike da memori, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ake nema yake sayarwa. Ni ma ina jin su. Amma wannan kiɗa ne na mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta a sutudiyo. In an yi shekara talatin babu wanda za a tattaro, don tun farko ba a taru ba.

Shi ya sa nake ganin wanda duk ke ɗokin dawowar Jakadu, ya kamata ya juyo ya dubi masu rai da ke kusa da shi. Tal National suna nan a Yamai suna wasa dare bayan dare, awa da awanni, har faifansu "Kaani" ya fita waje a 2013. Abin da Motel ya yi wa Jakadu shi ne waɗannan darare ke yi musu yanzu, a gabanmu. Kar mu jira sai wani kamfanin Landan ya gaya mana a 2045 cewa muna da abin kirki. Mu da ke da biro da takarda da injin fotokopi, aikinmu ne mu je wajen tsofaffin makaɗan garuruwanmu, mu tambaye su wa ya buga me, a wace shekara, a bikin wa. A kowane gari na yankinmu akwai akwati irin na kawuna. Gara na ci, zafi na narkar da zaren, masu akwatunan kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

To, wa aka tattaro? Amsar da zan kai wa kawuna ita ce: an tattaro waɗanda suka rage. Ba Jakadun 1978 ba ne, waɗancan suna cikin kaset ɗinsa, kuma babu jirgin da zai dawo da su, kamar yadda babu motar da za ta mai da shi Tireshbil yana ɗan shekara ashirin da biyar da agoguna a hannu. Ina zaton shi ma ya san haka, kuma ba Kante Manfila kaɗai yake tambaya ba. Waɗanda suka rage ɗin dattawa ne da suka ga abin da samarin Motel ba su gani ba. In suka yi magana da bakin dattawa, faifan zai cancanci jiran da muke yi. In suka shafa shuni a gemu suka yi shigar samari, za mu saurara sau biyu don girmamawa, mu koma ga tsohon kaset.

Ranar da zan komo makaranta na biya in yi masa sallama. Har na kai bakin zaure ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, in abin nan ya fito, ka sa mini a ɗan katin nan naku ka kawo."

Na ce, "To, Kawu. Ashe dai kana so."

Ya ce, "Ban ce ina so ba. Na ce ka kawo in ji. Kuma ka haɗo da batir, na rediyon nan sun yi sanyi."

Damagaram, Maris 2015